Yadda ake haɗa furodusa ta waya ya saurari ɗaukar murya daga nesa

Manyan kamfanonin talla na Najeriya a Legas suke, wasu a Abuja, masu muryar Hausa kuwa suna Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato. Babu mai sayen tikitin jirgi saboda tallan daƙiƙa 30, shi ya sa aka saba da aike. Ka ɗauki murya ka tura, gobe a ce a ɗan ƙara fara'a, ka sake kiran mai muryar ta dawo sutudiyo, ka sake turawa, jibi a ce ai ta farkon ta fi. Aikin rabin awa sai ya cinye mako. Maganinsa furodusa ya kasance a kan layi lokacin da ake ɗauka, yana ji yana gyarawa, har ya faɗa da bakinsa cewa ta yi.

Ka riƙe wannan tun daga farko: ba wayar ce ke ɗaukar murya ba. Ɗauka tana nan a kwamfutarka, ta makirfo mai kyau, yadda ka saba. Waya kunnen furodusa ce da bakinsa, shi ke nan. Don haka kowane irin haɗi za ka yi, sharaɗi uku zai cika. Furodusa ya ji mai karatu sosai. Mai karatu ta ji furodusa a hedfon ɗinta, amma ko tarinsa kada ya shiga fayil ɗin da ake ɗauka. Sannan muryar furodusa kada ta zagayo ta koma kunnensa. Wannan na ukun shi ne wanda ya fi kayar da mutane, kuma shi masu sana'ar ke kira mikis-mainos, wato ka tura wa mai kira duk sautin ɗakin ban da nasa.

Mataki na farko: tambayi furodusa kafin ka taɓa kebul

Tambaya biyu ce. Sauraro kawai zai yi, ko zai so a riƙa mayar masa da abin da aka ɗauka ya sake ji? Kuma shi kaɗai ne, ko da wakilin kamfanin da ya ba da aikin? Idan shi kaɗai ne kuma sauraro kawai, iyafis ma ya ishe ka. Idan zai ce a maido masa ɗauka ta 4 ya kwatanta ta da ta 7, ko a ɗora masa a kan kiɗan tallan, to dole sautin kwamfuta ya samu hanyar shiga waya, sai ka nemi mikisa, wato akwatin haɗa sautuka mai tashoshi da yawa, ko na'urar da aka ƙera don haka.

Mataki na biyu: zaɓi haɗin da ya dace da kayanka

Mafi sauƙi shi ne iyafis mai kebul, irin wanda ke da ɗan makirfo a jikinsa. Mai karatu ta sa guda ɗaya a kunne, ta ɗora hedfon ɗin sutudiyo a kai ya rufe shi, wayar kuma a ajiye ta a kan kujera ko a aljihu, nesa da kebul ɗin makirfo. Furodusa na jin ta ta ɗan makirfon iyafis, ita kuma tana jin sa a kunne ɗaya. A rage ƙarar wayar zuwa rabi, domin makirfon kwandensa, irin wanda ake ɗauka da shi a sutudiyo, yana tsintar abin da kunnenka bai ji ba. Abin da ba a yi sam shi ne sa waya a sifika a cikin ɗakin ɗauka. Ranar da furodusa ya yi gyaran murya a tsakiyar ɗaukar da ta fi kowacce kyau, babu manhajar da za ta cire maka shi tsaf. Aibin wannan hanya shi ne injiniya ba ya jin abin da ake faɗa, sai dai mai karatu ta riƙa isar da saƙo, kuma ba a iya mayar wa furodusa da abin da aka ɗauka. Ga mai ɗaukar kansa shi kaɗai a ɗakinsa, ta wadatar.

Idan kuɗi ya samu, akwai na'urorin da suka zo da wannan haɗi a cikinsu. Rodecaster Pro yana karɓar waya ta kebul ko ta Bluetooth, Zoom PodTrak P4 yana da gurbin waya a tasha ta 3, haka ma Focusrite Vocaster. Duka suna cire muryar mai kira da kansu, kebul guda ka soka ka gama. Sai dai ka lura, P4 a kan 44.1 kHz da bit 16 yake ɗauka, alhali masu aikin talabijin da bidiyo 48 kHz suke nema, galibi da bit 24. Yana da daɗin sha'ani wajen wuta, tunda batir biyu na AA ko fawa-bank suna riƙe shi, amma ka tambayi mai aikin irin fayil ɗin da yake so kafin ka dogara da shi.

Mataki na uku: haɗi da mikisa, dalla-dalla

Wannan shi ne haɗin da na fi yarda da shi, domin yawancin sutudiyo suna da ƙaramar mikisa a ajiye, kuma idan aka bi tsarin da zan faɗa, babu ta yadda muryar furodusa za ta kai ga fayil ko da gangan.

Sirrin shi ne makirfon mai karatu bai bi ta mikisa ba. Ka bar shi yadda yake, kai tsaye cikin tasha ta 1 ta sawun-kad, wato akwatin da ke shigar da sautin makirfo cikin kwamfuta, manhajar ɗauka kuma ta ɗauki wannan tasha kaɗai. Daga nan ka kunna maɓallin jin kai tsaye na sawun-kad ɗin, wanda a kan sawun-kad ɗin Scarlett 2i2 aka rubuta masa Direct, domin muryar makirfo ta fito ta mafitarsa tare da sautin kwamfuta. Ka ɗauki mafitar nan biyu ta baya, wadda da take zuwa sifikun sutudiyo, ka kai ta tashar sitiriyo a mikisa. Yanzu mikisa tana da mai karatu da duk abin da kwamfuta ta kunna, kuma babu kebul ko ɗaya da ya taso daga mikisa ya koma sawun-kad. Hanyar komawa ce babu, don haka fayil ɗinka a tsare yake.

Sai waya. Ramin hedfon na waya hanya biyu ce a rami ɗaya, fita da shiga, kuma jak ɗin da ke shiga cikinsa shi ne TRRS, mai zobe uku baƙaƙe a jikinsa. Na hedfon zalla zobe biyu gare shi. Ka nemi kebul mai raba wannan rami gida biyu, ɓangaren hedfon da ɓangaren makirfo. Ana samun sa a kasuwannin waya irin Farm Centre a Kano, amma ka tafi da wayarka da iyafis ka gwada a gaban mai shago. Wayoyin yanzu tsarin CTIA suke bi, tsofaffin Nokia da Sony Ericsson kuwa OMTP suka bi, inda aka musanya gurbin makirfo da na giraun, wato layin da wuta ke komawa ta cikinsa. Kebul ɗin tsohon tsari zai shiga lafiya lau, amma sauti zai fito siriri, can nesa. Yawancin Tecno da Infinix da itel har yanzu suna da ramin hedfon. IPhone ta daina zuwa da shi tun 2016, kuma manyan Samsung sun bi sahu, su sai da ɗan adafta na Lightning ko USB-C, wanda shi ma sai ka tabbatar yana wuce makirfo, ba sauraro kaɗai ba.

Ɓangaren hedfon na mai rabawar shi ne bakin furodusa. Ka kai shi wata tashar mikisa ta ramin da aka rubuta LINE. A nan akwai tarko guda da ke sa mutum ya rantse wayarsa ta lalace. Idan ka yi amfani da kebul mai jak ɗin sitiriyo a kowane kai, ka soka shi a ramin LINE guda na tashar mono, muryar furodusa za ta ɓace ko ta koma raɗa. Dalili shi ne sautin kira iri ɗaya ne a hagu da dama, shi kuma wannan rami yana debe ɗaya daga ɗaya ne, sai su kashe juna. Kebul ɗin da ya dace shi ne mai ƙaramin jak a kai ɗaya, manyan jak biyu a ɗaya kan. Ka soka duka biyun a tashar sitiriyo, ko ka soka guda a tashar mono ka bar ɗayan yana lilo. Kuma kada ka kuskura ka haɗa waya ta ramin XLR, wato ramin makirfo mai ƙofa uku. Nan ne wutar fantom mai bolt 48 take bi, kuma waya ba a yi ta don ta sha wannan ba.

Ɓangaren makirfo shi ne kunnen furodusa, kuma daga mafitar AUX ta mikisa za ka ciyar da shi. Kowace tasha tana da maɓallin AUX nata, wanda ke cewa nawa ne daga sautinta zai bi wannan hanya. Ka buɗe na tashar sawun-kad zuwa wajen rabi. Idan injiniya yana da makirfon magana, kuma ya kamata ya samu ko da mai arha ne, ka sa shi a tasha ta 1 ta mikisa ka buɗe nasa AUX ɗin. Na tashar waya kuwa ka murɗe shi har ƙasa, ka manna masa salatif. Mikis-mainos ɗin ke nan gaba ɗayansa, maɓalli guda a rufe. Idan aka bar shi a buɗe, furodusa zai yi magana, bayan ɗan jinkiri ya ji kansa yana dawowa kamar mai kira a bakin rijiya, kuma babu mai iya haɗa jimla biyu a haka. Idan mikisar tana da zaɓin PRE, danna shi, domin in ka rage ƙarar hedfon kada abin da ke zuwa waya ya ragu. Ƙananan mikisa da ba su da AUX sai FX, wato mafitar amsa-kuwwa, su ma suna yi, sai dai ka kashe amsa-kuwwar cikinsu, kuma ka daina taɓa ƙarar tashar da zarar ka saita.

Saura matsalar ƙarfi. Mikisa tana fitar da sauti mai kai wa bolt guda, ramin makirfon waya kuwa 'yan milibolt yake jira. In ka haɗa su kai tsaye, ko dai sautin ya dagargaje, ko kuma wayar ta ƙi gane cewa an sa mata makirfo, ta ci gaba da amfani da nata na jiki. Ana sayar da kebul mai rage ƙarfi da wajen desibel 40 don wannan aiki. Wanda bai samu ba, iRig 2 da masu jita ke amfani da shi yana yi: AUX ya shiga babban raminsa, ramin hedfon ɗinsa ya tafi mikisa, ka sassauta ɗan tayar ƙarar da ke gefensa. Da shi ma ba ka buƙatar mai rabawar.

A ƙarshe, hedfon ɗin kowa daga mikisa zai fito, ba daga sawun-kad ba, tunda nan ne kaɗai duk muryoyin suka haɗu. Na mai karatu ya zama rufaffe, irin Sony MDR-7506 ko Audio-Technica ATH-M50x, wanda ba ya yoyon sauti. Idan mai karatu da injiniya ɗaki ɗaya suke, a kashe sifiku.

Mai son yin komai a kwamfuta guda fa? Yana yiwuwa. Ka buɗe Zoom ko Google Meet, ka zaɓi sawun-kad a matsayin makirfo da sifika, manhajar ɗauka kuma tana kan tasha ta 1. Ni dai ba na so, domin a Windows manhajojin biyu kan yi rigima a kan direban ASIO, wato 'yar manhajar da ke haɗa sawun-kad da kwamfuta, kuma kwamfutar da ke ɗauka ba na son ta da wani aikin. Zoom na kyauta ma yana yankewa a minti 40. Skype da aka daɗe ana wannan aiki da shi an rufe shi a watan Mayun 2025. Idan kamfanin waje ya ce sai Source-Connect ko Cleanfeed, manhajojin ɗaukar murya ta intanet, wannan wani babi ne, domin a nan su ne ke ɗauka daga can, kuma yana son intanet mai tsayuwa.

Mataki na huɗu: kashe ƙarar da waya ke jawowa

Kowa ya san wannan "dit-dididit" da sifika ke yi kafin kira ya shigo. Siginar GSM ce ke shiga kebul, kuma ta fi tsanani idan sabis ya yi rauni waya ta faɗa 2G. Ka sa wayar a yanayin jirgi, ka kunna Wi-Fi kaɗai, ka ajiye MiFi ko wata wayar mai ba da data a wajen ɗaki, sannan ka yi kiran ta WhatsApp. Riba biyu ce, ƙarar ta tafi, kuma babu kiran gida da zai katse muku zama. Ka cika caji tun da wuri, domin wayar da ke jone da soket kuma jone da mikisa takan kawo gunjin wuta mai zagaye 50. Idan dole sai an yi caji, fawa-bank. Janareta kuma, in da inbata, a kashe shi har a gama.

Mataki na biyar: gwaji, kwana guda kafin ranar

Ka ba wani yaron sutudiyo waya ya fita waje, ka kira shi. Ya ji mai magana a makirfo? To ka kankare ƙasan wayar da ke jone da farce, daidai ɗan ramin makirfonta. Idan ya ji ƙarar kankarar, wayar ba ta karɓi kebul ɗinka ba, da makirfonta take ji, sai ka cire jak ka sake sokawa ko ka canza kebul. Ka ce ya ƙirga ɗaya zuwa goma ya faɗa maka ko yana jin kansa. Ka kunna masa wani tsohon talla daga kwamfuta. Sannan ka danna ɗauka, kowa ya yi shiru a ɗaki, shi kuma ya yi ta surutu da ƙarfi na minti guda. Ka buɗe fayil ɗin ka ƙara masa ƙara sosai. Idan ka jiyo shi, hedfon ne ke yoyo, a rage.

Ka saita muryar mai karatu ta riƙa kai wa tsakanin desibel -12 da -6 a mitar manhajar ɗauka. Ka ɗauki daƙiƙa 20 ka tura wa furodusa a WhatsApp a matsayin dokumen, ba saƙon murya ba, ya ji ainihin ingancin sutudiyonka da hedfon. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Kiran waya na gargajiya daga 300 zuwa 3,400 Hz kawai yake ɗauka, ya yanke kaurin murya daga ƙasa, ya dushe s da f da sh daga sama. Kiran WhatsApp ya fi shi faɗi, amma yana da mai share hayaniya da ke ɗaukar kiɗa a matsayin hayaniya ya riƙa guntule shi. Ka faɗa wa furodusa tun kafin a fara: a kan layi salon karatu zai auna, sauri da fara'a da inda aka danna, ba kyan sauti ba. In ba haka ba za ka ga ana sake ɗaukar da ba ta da laifi saboda sabis ɗinsa ya yi tangal-tangal.

Mataki na shida: ranar ɗauka

Ku tsayar da lokaci da agogon wa ake magana. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya. Ghana tana baya da awa guda, Sudan tana gaba da guda, Saudiyya da biyu. Landan daidai take da mu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin tana baya da awa ɗaya. Ka kauce wa lokacin kiran salla idan akwai masallaci kusa, domin lasifika ba ta san soson bango ba, kuma ku ma za ku tashi.

Rubutun ya zo tun jiya, kowane layi da lambarsa, kwafi ɗaya a hannun kowa. Ka karanta shi da agogo. Fassarar Hausa takan fi ta Ingilishi tsawo, kuma idan tallan daƙiƙa 30 ya kai 36, ba a kan layi ake gano haka ba. Yanke kalmomi ba hurumin sutudiyo ba ne, musamman da yake talla sai ya bi ta tantancewar ARCON, hukumar kula da talla ta Najeriya, kafin ya fita, na magani da abinci kuma har da NAFDAC. Idan furodusa ba ya jin Hausa, abin da ya zama ruwan dare, ka nemi ya zaunar da mai ji a kusa da shi ko a saka shi cikin kiran. Amma ko su biyar ne a can, baki ɗaya ne zai riƙa ba da umarni, sauran su kashe makirfonsu. Mai karatun da mutum uku ke gyara wa a lokaci guda, muryarta ce ke fara mutuwa.

Bayan gaisuwa, injiniya ya sanar da kowace ɗauka a makirfonsa, ya kuma sa alama a manhaja: "Layi na 3, ɗauka ta 2." Mai karatu ta ɗan dakata, ta karanta, ta sake yin shiru na daƙiƙa biyu. Shirun nan na ƙarshe saboda jinkirin layi ne, kuma shi ke ba mai haɗa sauti wurin yanka. Sai injiniya ya ce, "Oga, ka ji ta? A bar ta ko a ƙara?" Idan furodusa ya ce yana son ƙarin kuzari, aikin injiniya ne ya mayar da shi abin da baki zai iya yi: "Anti, wajen farashin kin ruga, ki ɗan ja shi, sunan kamfanin kuma ki yi murmushi a kai." Layi mai wuya a karanta shi sau uku a jere da salo daban-daban, ya zaɓa. Wanda ya zaɓa a zagaye lambarsa a takarda nan take, a kuma maimaita masa da baki ya amsa.

Idan layi ya yanke, kada a tsayar da ɗauka, a ƙarasa jimlar, a sake kira, a mayar masa. Idan WhatsApp ya ƙi, a koma kiran layi, a matsar da wayar iya tsawon kebul daga makirfo. Wasu suna son naɗar muryar furodusa a wani fayil dabam don tuna umarninsa. Yana da amfani, amma sai da saninsa da yardarsa.

Kafin a ajiye waya, ka karanta masa jerin zaɓaɓɓun ɗauka daga layi na farko zuwa na ƙarshe, ka tambaye shi ko akwai saura tun mai karatu ba ta cire hedfon ba. Ka ɗauki shirun ɗakin na daƙiƙa 30 don cike gurbi. Fayil ɗin WAV ne, mono, 48 kHz, bit 24, wanda minti ɗayansa bai kai megabait 9 ba, don haka tura shi ba wahala. Ka tura zaɓaɓɓun a fayil ɗaya, zaman gaba ɗaya a wani, da sunan aiki da kwanan wata a jikin kowanne, sannan ka bi shi da saƙon rubutu mai lambobin da ya amince da su. A cikin wannan saƙo ka maimaita abin da kuka yi yarjejeniya tun wajen ciniki, cewa kuɗin ya ƙunshi zaman awa kaza, kuma duk canjin rubutu ko salo bayan an tashi, sabon zama ne da sabon kuɗi.